Idan an cire ba da labari, me ya rage a sharhin fim?

'Yar Aji Uku:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina karanta aikin jarida, a wannan zangon karatun kuma muna yin darasin nazarin fim da talabijin. An ba mu aiki biyu. Na farko sharhin wani gajeren fim da 'yan ajin da ke gabanmu suka yi, na biyu kuma kowa ya zaɓi kashi ɗaya na wani shiri mai dogon zango ya feɗe shi. Malaminmu ya kafa sharaɗi: kada wanda ya ba shi labarin fim ɗin, domin ya riga ya kalla, kuma kada wanda ya rufe da "darasin da za mu koya". To ni duk sharhin da na taso ina gani a Facebook ko ina ji a rediyo bai wuce abu biyun nan ba, a faɗi abin da ya faru, sannan a ce ya dace da tarbiyya ko bai dace ba. Idan an ɗauke su, da me zan cika shafi uku?

Fim ɗin minti 12 ne. Wani dattijon tela ne idonsa ya fara rauni, daren Sallah, ga ɗinkin mutane jibge a shago, ga babu wuta. Ɗansa yana so ya hau keken ya ƙarasa, shi kuma ya hana.

Editan Zoo Road:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Malaminku gata ya yi muku. Kafin ki ɗora biro a takarda, ki kalle shi yadda kowa ke kallo. Ki sake, amma ki kashe sautin gaba ɗaya. Sannan ki kife wayar ki saurara kawai, ba tare da kin ga komai ba. Duk abin da ya tsayar da ke, ki rubuta mintin da daƙiƙar. Idan kin gama ki dawo ki faɗa mana. Shafi uku zai yi miki kaɗan.

Malamar Hausa:
Ni kam ban gamsu da rabin sharaɗin nan ba. Cewa kada a ba da labari, na yarda, layi uku ya isa mai karatu ya san inda aka dosa. Amma a ce kada a taɓa darasi? Mu a tarken adabi da jigo muke farawa, sannan warwararsa, sannan zubi da tsari, sannan salo. Mutumin da ya kalli fim ya tambaya "me yake koyarwa" ba jahili ba ne. Tambayar iyayenmu ce, kuma ita ce tambayar da za ki tarar a bakin duk wanda zai karanta rubutunki idan kin fita daga makaranta. Sharhin da ya kauce mata, malami kaɗai aka rubuta wa.

Baba Mai Ritaya:
Malama ta faɗi gaskiya ta wani ɓangare, kuma abin yana da asali. Mu nan hoto mai motsi da saƙo a goye ya zo mana. Motar majigi za ta shigo gari, a kafa farin ƙyalle a filin kasuwa ko ƙofar fada, a nuna tsafta, a nuna noma, ga mai fassara yana bayani da lasifika. Waɗanda suka girme ni har yau suna tuna Baban Larai, wanda aka yi don a ja hankalin manoma ga auduga. Da aka buɗe talabijin a Kaduna a 1962, wasannin kwaikwayon ma da yawa daga hannun mutanen rediyo suka fito, su kuma magana ce jarinsu. Su marigayi Ƙasimu Yero da Samanja, abin da ya riƙe mutane a gaban akwati bakinsu ne, ba kyamara ba. Sau da yawa ba a rubuta kowace kalma, a zauna a tsara gundarin labari, kowa ya san inda zai shiga da inda zai fita, sauran a bar wa hikimar ɗan wasa. To al'ummar da ta taso a haka, dole ta auna fim da abin da aka faɗa a cikinsa.

Amma 'yata, ki fahimci abin da malaminku ke gudu. Idan aka bar ɗalibai da darasi, mutum arba'in za su kawo masa jimla ɗaya: haƙuri da biyayya ga iyaye. Wanda bai kalli fim ɗin ba ma zai iya rubuta ta.

'Yar Aji Uku:
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Yaya Edita, na yi yadda ka ce, ga abin da na samu.

Da na kashe sauti, abin da ya fi kama ni shi ne wurin zura zare a allura. Ya zo sau uku. Na farko daga nesa aka ɗauka, ana ganin shagon duka da yaron a tsaye a bakin ƙofa. Na biyu an matso, hannu da fuska. Na uku allurar ce kawai da yatsu suna rawa a hasken fitilar waya, kuma an bar hoton ya daɗe ƙwarai ba a yanka ba, har na ji ni ma ina riƙe numfashi. Ban da haka, tun daga farko har minti na tara ba a taɓa haɗa uban da ɗan a hoto ɗaya suna kusa ba. Kullum keken yana tsakaninsu, ko kuma a nuna wannan sannan a nuna wancan.

Da na saurara kawai, ƙarar keken ce ke tafe da fim ɗin. Tana gudu, ta tsaya, ta sake tashi, tazarar tsayawar tana ƙaruwa. Daga waje ana jin janaretan maƙwabta da yara suna murnar ganin wata. Amma a wuri biyu sun ɗora kiɗan tausayi mai ƙarfi har ya danne ƙarar keken. A ƙarshe kuma, bayan dattijon ya tashi ya bar wa yaron kujerar, sai yaron ya juyo ya yi magana ta kusan minti biyu a kan darajar uba da ladan haƙuri.

Editan Zoo Road:
To ai kin gama sharhinki, sauran jerawa. Dubi abin da kika kawo: hoto uku na abu ɗaya, kowanne ya fi na baya matsowa, wato darakta yana ƙuntata wa dattijon duniyarsa a gaban idonmu har ta koma girman kafar allura. Ba wanda ya buɗe baki ya ce "Baba idonka ya mutu", amma kowa ya gane. Wannan shi ne aikin fim. Raba su da aka yi a hotuna daban-daban, shi ma magana ce. Ki duba minti na tara, na tabbata a nan ne aka fara haɗa su, ki faɗi abin da ya faru daidai lokacin.

Kiɗan nan kuwa laifi ne, ki faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Sun samu sauti mai rai a hannunsu, suka binne shi da wanda ake saukewa kyauta a intanet. Jawabin ƙarshe ma haka. Da ni aka kawo wa aikin, daga inda dattijon ya tashi daga kujera, yaron ya zauna, ƙarar keken ta dawo, nan zan rufe. Minti goma cif, kuma ya fi ƙarfi.

Malamar Hausa:
A nan muka rabu, Malam Edita. Kai kana kallo da idon mai sana'a. Ka kai fim ɗin nan gidan da ake taruwa mutum takwas a kan waya ɗaya, yara na kuka, ana kwasar tuwo. Wa zai lura an raba uba da ɗa a hoto? Jawabin nan da kake so a yanke, shi ne abin da kakar gidan za ta maimaita wa jikanta gobe. Kuma a al'adarmu yaro ba ya karɓar kujerar ubansa ya yi shiru. Dole ya faɗi wani abu da zai wanke wa tsohon zuciya, in ba haka ba sai a ɗauka ƙwace ya yi.

Editan Zoo Road:
Malama, da girmamawa, batun al'ada kin fi ni gaskiya, yaron ya kamata ya yi magana. Amma wa yake yi wa maganar? Idan ubansa yake yi wa, kalma biyar ta isa: "Baba, huta, zan ƙarasa maka." Idan ya kai minti biyu, to ba da ubansa yake ba, da mu yake. Ƙanwata, ki duba mana, ina yake kallo?

'Yar Aji Uku:
Kusan cikin kyamara yake kallo, Yaya. Dattijon ma ba ya cikin hoton a lokacin.

Malamar Hausa:
To wannan hujja ce, na karɓa a matsayin hujja. Amma ban sauka daga cewa mai sharhi yana da haƙƙin ya tambayi abin da fim ya koyar ba. Abin da zan ce wa 'yata shi ne ta tambaya a inda ya fi wuya. Jawabin ya ce darasin haƙuri ne. Hotunan kuwa wani abu dabam suka nuna: tsoron da ke kama mai sana'a ranar da jikinsa ya fara ƙin ba shi haɗin kai, da nauyin da ke kan ɗa ya taimaki ubansa ba tare da ya kunyata shi ba. Wannan ai jigo ne, kuma ya fi wanda aka furta zurfi. Idan kin rubuta cewa bakin fim ɗin ya faɗi abu ɗaya, idonsa ya nuna wani, ba na jin akwai malamin da zai ce kin karya masa sharaɗi.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu daga wannan ɓangaren. Ƙanwata, tunda gajeren fim kike nazari, ki nemi Borom Sarret na Ousmane Sembène ɗan Senegal, na 1963. Kimanin minti 20 ne. Wani mai amalanken doki ne a Dakar, wuni ɗaya na rayuwarsa, ya kai fasinja unguwar masu hali inda aka hana irinsa shiga, ɗan sanda ya ƙwace amalanken, ya koma gida hannu rabbana. Matarsa ta miƙa masa jariri ta fita, tana cewa yau za su ci abinci. Ba a faɗi inda za ta ba. Shekara sittin ke nan mutane suna gardama a kan wannan fitar. Fim ne mai saƙo, mai zafi ma kuwa, amma ya bar wa mai kallo aikin da zai ƙarasa da kansa.

Mu ma nan Nijar muna da abin nunawa. Oumarou Ganda, wanda aka sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa, ya yi Cabascabo a kan sojan da ya dawo daga yaƙin Indocin, wanda Faransa ta yi a yankin Vietnam, abin da shi kansa ya gani da idonsa. Kuma shi ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972. Ina faɗar wannan ne don ɗalibanmu suna ɗauka idan ba Indiya ba sai Amurka, alhali ga maƙwabta nan da suka daɗe suna fim da kuɗi kaɗan.

Ɗan Aji Huɗu:
Ƙanwata, wani abu da zai ƙara miki maki: ki ɗora sharhin a kan ra'i, wato bayanin da masana suka tsara don fassara abu. Abin da su Malama da Yaya Edita ke ja a kai, wani masani mai suna Stuart Hall ya yi bayaninsa tun 1973 a Birmingham ta Ingila. Ya ce mai shirya shiri yana ƙulla ma'ana, amma mai kallo ba lallai ya kwance ta yadda aka ƙulla ba. Wani ya karɓa duka, wani ya karɓi rabi ya gyara rabi daidai da rayuwarsa, wani ya juya mata baya gaba ɗaya. Kakar da Malama ta ambata da editan Zoo Road fim ɗaya suka kalla, amma ba abu ɗaya suka gani ba. Batun yanka hoto kuma ki kawo gwajin Lev Kuleshov na Rasha, wajajen 1920. Ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, sannan da gawar yarinya a akwati, sannan da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ba ta canja ba.

Editan Zoo Road:
Gwajin nan gaskiya ne, kullum shi muke yi a kan kwamfuta ko da ba mu kira sunansa ba. Ni da kaina ina ɗauko kallon da jaruma ta yi a wata fitowa in saka a wata, ya ba da ma'anar da ba ta yi niyya ba. Amma ƙanena, ina roƙon ku da abu ɗaya. Ana kawo mini rubutun ɗalibai in duba, sai in ga shafi biyu na sunayen Turawa, fim ɗin kuma layi huɗu. Idan ra'in bai taimake ta ta ga wani abu a shagon telan nan da ba ta gani da ba, ta bar shi.

Ɗan Aji Huɗu:
Haka ne Yaya, amma ba duka na Turawa ba ne. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan yadda fina-finan Hausa suka ɗauko daga na Indiya suka mayar nasu, Brian Larkin ma a Kano ya zauna ya yi nasa binciken a kan gidajen silima. Mujallar Fim tun 1999 take fitowa. Wanda zai yi sharhin fim ɗin Hausa bai leƙa waɗannan ba, zai yi ta gano abin da aka gano tun kafin a haife shi.

'Yar Aji Uku:
Na gode ƙwarai, na farko ya kama hanya. Saura na talabijin, wanda shi ya fi ba ni tsoro. Na zaɓi kashi ɗaya na wani shiri da ake sakawa duk mako, kusan awa guda ne. Na gwada dabarar kashe sauti, sai na ga babu abin kamawa. Mutum biyu a falo suna magana, a nuna gari daga sama, wasu biyun a wani falon suna magana a kan maganar da na farko suka yi.

Baba Mai Ritaya:
Saboda ba da ma'auni ɗaya ake auna su ba, 'yata. Gajeren fim kamar ɗinkin hula ne, kowane zare ana ganinsa, idan ɗaya ya karkace ya ɓata aikin. Shirin mako-mako kuwa an yi shi ne don ya zauna da mutane wata da watanni, a cikin gida, ana hira ana shiga ana fita. Don haka tambayoyin sun bambanta. Ki samu agogo da takarda ki raba awar nan. Minti nawa aka ci wajen tuna abin da ya wuce? Minti nawa talla? Ina aka yanka aka tafi talla, kuma me aka bari a rataye don kada ki tashi? Labarai nawa ake saƙawa a lokaci guda, wanne aka fi ba lokaci? Da me aka rufe?

Sannan ki fita daga cikin akwatin ki dubi gidan da ya haifi shirin. A tashar talabijin shekara kashi huɗu ce, kowane kashi mako 13, shi ya sa za ki ga zango yana yawan zuwa da kashi 13. Ba labarin ne ya nemi haka ba, jadawali ne da masu talla. Ki tambayi wa ya mallaki tashar, wa ke biya. A zamaninmu gwamnati ce kaɗai, NTA tun 1977, ga tashoshin jihohi irin CTV ta Kano wadda yanzu ake kira ARTV. Sai a 1992 aka kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Arewa24 da ta fara a 2014, da tallafin gwamnatin Amurka ta tashi ta hannun ƙungiyar Equal Access, da manufar shirye-shiryen zaman lafiya. Wannan ba zargi ba ne, sani ne da ɗalibi ke buƙata. Idan kin kalli shirinta na Daɗin Kowa da wannan sanin, za ki gane dalilin da ya sa aka gina garin da kowane irin mutum ke zaune a cikinsa. Haka Kwana Casa'in, ki tambayi kanki me ya sa aka ƙirƙiri jihar Alfawa maimakon a kira sunan wata jiha ta gaske, me wannan ya ba marubuta damar faɗa. Ga kuma hukumar tace fina-finai ta Kano da ke nan tun 2001. Abin da ba a nuna ba, wani lokaci ba mantuwa ba ce.

Maman 'Yan Biyu:
Ni ba ɗaliba ba ce, mai kallo ce, amma ku bar ni in sa baki. Yawancin shirye-shiryen nan da kunne nake kallonsu. Waya na kan kanta a kicin, ina yanka albasa, sai na ji murya ta tashi sannan in waiga. Don haka maimaita maganar da ke damun ki, ni taimako na take yi. Abin da ke damuna dabam ne. Na ɗaya, kiɗan baƙin ciki iri ɗaya ne ko mutuwa aka yi ko waya ce ta faɗi. Na biyu, falukan nan. Kowa gidansa da bene da labule har ƙasa. 'Ya'yana mata suna kallo, kuma ina ganin yadda suke duban ɗakinmu bayan an gama. Idan talaka ya fito, ko mai gadi ne na ban dariya ko mai aiki ce munafuka. Ƙanwata, idan kina ƙirga mintoci, ki ƙirga mini wannan ma: mutum nawa ne a shirin aka nuna suna yin sana'ar da suke ci da ita?

Malamar Hausa:
Allah ya yi miki albarka, Maman 'Yan Biyu. Wannan ita ce tambayar tarbiyyar da nake nufi, ba wai ko gyalen jaruma ya zame ba. Kuma tambaya ce da ake amsawa da ƙirga, ba da zato ba.

Marubucin Fim:
Na daɗe ina karantawa, bari in kare kanmu kaɗan, domin ni ina cikin masu rubuta faluka biyun nan. Lokacin da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ke da rai, furodusa yana sayar da fim ya mayar da kuɗinsa. Masu tura fim a waya suka zo, kasuwar ta durƙushe. Daga wajajen 2020, da irin su Izzar So suka nuna ana iya rayuwa a YouTube, kowa ya koma dogon zango. A can kuɗi yana bin yawan kallo da tsawon zaman mai kallo, kuma sai bidiyo ya kai minti takwas ake iya saka talla a tsakiyarsa. To labarin da a hannuna kashi shida ne, sai a ce in mayar da shi ashirin. Falo kuma shi ne lokeshin mafi sauƙi: gida ɗaya aka karɓa, a ɗauki fitowa goma sha a wuni, babu hayaniyar titi, babu yara masu leƙe, babu jiran rana. Fita kasuwa a ɗauki mai sana'a yana aikinsa yana cin kuɗi da lokaci ninki biyu.

Ban ce kada ki soke mu ba, ƙanwata. Ki soka. Amma ki bambanta abin da rashin kuɗi ya jawo da abin da kasala ta jawo. Kiɗan da Maman 'Yan Biyu ta ambata ba kuɗi ba ne, shiru kyauta ne. Mayar da talaka abin dariya ma ba kuɗi ba ne, mu ne muka zaɓa.

Editan Zoo Road:
Na yarda da wannan rabon. Kuma ki sani, idan kin fara saka sharhinki a waje, za a ce hassada ce, ko an biya ki. Maganinta ɗaya: kada ki taɓa mutum, ki taɓa aiki, kuma duk abin da kika faɗa ki sa mintinsa. Wanda ya ce ƙarya ne, ya je ya duba. 'Yan ajin gabanku ma haka za ki yi musu, ki fara da allurar nan domin sun cancanci yabo a kanta, sannan ki zo kan kiɗa.

'Yar Aji Uku:
Na yi ƙirgar da Baba ya ce, kuma wani abu ya tsaya mini. Gaisuwa kaɗai ta ci lokaci mai yawa a kashin nan, kusan kowace fitowa da sallama take farawa, ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya mai jiki. Na sa ta a layin jan lokaci, sai kuma na ji ban kyauta ba, domin haka muke yi a gida. A ina zan ajiye ta?

Marubucin Fim:
Gaskiya da yawanta cike gurbi ne. Sau da yawa ma ba ma rubuta ta, sai mu sa "suka gaisa", 'yan wasa su ja ta yadda suka ga dama, edita kuma ya bari saboda ana neman tsawo.

Malamar Hausa:
A'a, kada a yi mata kuɗin goro. Fim ɗin Hausa da mutum zai faɗo ɗakin surukarsa ya hau magana babu gaisuwa, wannan ba gidanmu ba ne.

Baba Mai Ritaya:
Ku duka biyu kuna da gaskiya, kuma hanyar rabewa tana nan. 'Yata, ki ɗauki gaisuwar ɗaya bayan ɗaya. Wa ya fara gaishe da wani? Wa ya durƙusa, wa ya tsaya a tsaye, wa ya cire takalmi? Wa ya amsa a taƙaice yana kallon gefe? Amarya da ta gaishe da uwargida aka amsa mata da "lafiya" guda ɗaya aka yi shiru, an riga an faɗa miki halin da gidan ke ciki kafin a fara rigimar. Yaron da kullum yake durƙusa wa kawunsa, yau ya miƙa masa hannu, labari ya motsa. Irin wannan ki sa ta a layin labari. Wadda kuwa za ki iya cirewa ki liƙa a kowace fitowa ba tare da wani abu ya canja ba, ita ce ta jan lokaci. Ki yi layi biyu, ki faɗi adadin kowanne.

'Yar Aji Uku:
To Baba, na fahimta. Akwai guda ɗaya da tun farko ta tsaya mini a rai, inda direban gidan ya gaishe da Alhaji sau biyu bai amsa ba yana danna waya, sai da baƙo ya shigo sannan ya miƙe da fara'a. Da ita zan buɗe layin farko.

Maman 'Yan Biyu:
Idan kin gama ki turo mana nan mu karanta, musamman ƙirgar masu sana'ar. Ina so in nuna wa 'yan matana.